Tayar da Ba Ta Taɓa Hawa Hanya Ba

Habu, tun ranar da ka tsaya a tsakar gidan nan kai da magininka kana nuna masa inda za a zuba siminti, ka sa ƙafa ka shuri tayar nan ta gindin mangwaro ka ce a haɗa ta da tarkacen da za a fitar, raina bai sake kwanciya ba. Ban ce maka uffan ba, don ba na faɗa da ɗa a gaban baƙo. Amma wallahi da ni ka shura da ya fi mini sauƙi. Na riga na ba ku labarin yadda muka baro tsohuwar unguwa muka dawo nan Zongo, da yadda na fara tallan atamfa, kuma niyyata in tsallake wannan shekarar kamar yadda kowa a gidan nan ya tsallake ta. Ƙafarka ce ta hana ni. Saboda haka kai da Zulai ku zauna ku ji, ko kuna so ko ba ku so.

Na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin dangi. Wai babanku mutum ne mai taurin zuciya, ƙaninsa ya zo neman taimako ya juya masa baya, shi ya sa Baba Sale yake jan ƙafa har yau. Wai kuma ba shi da zuciyar nema, abokan sana'arsa sun buɗe shaguna, shi ya ƙare a gindin bishiya da famfon hannu yana lallaɓa tayoyin kekuna. Zulai, kada ki yi zaton na manta lokacin da kike lakwal, makarantar boko, kina zagayawa ta bayan masallaci don kada ƙawayenki su gan shi ya ɗaga miki hannu. Ya gani, ƙyale ki kawai ya yi.

A shekarar da nake faɗa muku, babu mai faci kamar babanku daga nan har unguwar Pisi. Rumfarsa tana bakin hanyar da ke zuwa ramin dutse, yana da injin iska babba ja wanda ake jin kukansa daga nesa, masu moto, wato babur, da masu amalanke layi suke yi. Abin da ya yi suna a kansa shi ne ɗinkin taya. Mu nan ba a yar da taya don ta yage. Sai ya ɗauki basilla irin ta dukawa, ya zaro zare mai ƙarfi daga cikin tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗinke yagar tsaf, ya shimfiɗa wata roba daga ciki, ya sa tiyub ya hura. Har daga unguwar Dasasgo ake ɗauko masa taya, a ƙetare gari guda, don an ce ɗinkinsa ba ya kwancewa. Ni kaina ina alfahari da shi, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba, sai dai in yi masa tsiya cewa ya ƙare mini sabulu da baƙin hannunsa.

Sale kuwa shi ne autan Inna, kakarku, kuma ɗan lelenta. Ya yi shekaru yana wa wasu Nasara masu neman ma'adinai aiki a daji, da suka tashi tafiya ya sayi wani abin hawa a hannunsu da duk abin da ya tara. Kwad ake ce masa, babur ne mai ƙafa huɗu, tayoyinsa gajeru masu kauri kamar turmi, ga manyan haƙora. Ranar da ya shigo da shi unguwa yara har faɗuwa suke yi wajen bin sa. Na ce masa, Sale, wannan kwaɗon kuma daga ina? Ya ce, matarmu, ki jira damina ki gani. Kuma ya yi gaskiya. Kun san yadda lungunan nan suke zama in ruwa ya sauka, kamiyo ba ya shiga, jaki ya kafe ya ƙi motsi. Sale ya ɗaura wa kwad ɗinsa 'yar amalanke ta ƙarfe, yana ɗauko tsakuwa daga wurin matan da ke fasa dutse a Pisi, yana kai wa masu gini har ƙofar gida, yana ratsa taɓo kamar ba komai. A daminar nan ya fara ganin haske, har an kai masa gaisuwar neman aure.

Ana tsakiyar wannan sai wani dutse mai kaifi ya yanke masa tayar baya, a gefe, yaga mai tsawon tafin hannu. Ya zaga kasuwannin garin nan kaf, babu mai irinta, an ce sai an aiko daga bakin teku, kuma ba a san ranar zuwanta ba. Shi kuwa kowace safiya da ya zauna, wani mai ginin ne yake komawa ga mai jaki. Da la'asar ya shigo gidan nan da tayar a kafaɗa, ina tankaɗe, Inna tana bakin ƙofarta tana jan carbi, babanku yana alwala. Ya ajiye ta a gabansa yana dariya, don a ganinsa magana ta ƙare tun da ya iso.

"Yaya, ga aiki na kawo maka. Gobe da safe nake so."

Babanku ya idar da alwalarsa, ya tsuguna, ya sa yatsa cikin yagar, ya danna gefen tayar ya saki, ya sake dannawa. Ya daɗe yana yin haka.

"Wannan ba ta ɗinkuwa, Sale."

"Haba Yaya! Kai da ka ɗinka tayar kamiyo?"

"Tayar kamiyo tsaye take, da ƙarfi. Wannan taushi aka yi ta da shi, iska kaɗan take sha, gefenta yana lanƙwasa duk juyin da ta yi. In na ɗinka, zaren ne zai riƙa cin robar. Wata rana kana kan gangara da kaya a bayanka za ta buɗe. Ba zan sa hannuna ba."

Sale ya roƙa, ya yi wasa, ya yi fushi. Da ya ga ba ci, sai ya juya ya kalli Inna. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunan babanku ba, kasancewarsa ɗan fari, Babba take ce masa. Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Babba, ka ɗinka masa."

"Inna, ba za ta riƙe ba."

"Ka yi wa bare, ka yi wa Mosi, ka yi wa Fulani. Ɗan'uwanka ne ba za ka yi wa ba? Ni na ce ka ɗinka."

Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin babanku ya mayar mata da magana ba. Ko ruwan zafi ta ce ya sa hannu, sawa zai yi. Ranar ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji, ya ce, "Ki gafarce ni, Inna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Sale ya saɓi tayarsa, idonsa jajur, ya ce to shi ke nan, ya gane matsayinsa. Inna ta shige ɗaki ta saki labule, ni kuma na rasa inda zan sa rariyar da ke hannuna.

Gidan nan ya yi sanyi ƙalau. Inna ta daina karɓar gaisuwar babanku sai da ka, in ya kawo mata goro ta ce a ajiye. Sale ya sauya hanya, ya gwammace ya yi dogon zagaye da ya wuce ta gaban rumfar yayansa. Ya kai tayar wurin wani mai faci a can wata unguwa, wanda bai taɓa ganin irinta ba, ya ɗinke masa ita ya cika ta da iska tam kamar tayar moto. Sale ya koma aikinsa, yana wucewa ta ƙofar gida yana matsa ƙaho don a ji. Matan unguwa suka samu abin yi a bakin famfo, wai hassada ce, yaya ya ga ƙani zai wuce shi. Na tambayi babanku ko ba zai yi wani abu ba, ko da kiran yaron ne ya lallashe shi. Ya ce, "Allah na nan." Kun san shi da wannan amsa, mai sa mutum ya ji kamar ya fasa tukunya. Abin da na lura da shi kawai, yana dawowa a gajiye fiye da da, tafin hannunsa duk ya yi ƙulli ya fashe, da dare sai na gasa masa kafaɗu da ruwan ɗumi. Na tambaya, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina shirin fita kasuwa, kai Habu kana goye a bayana, sai ga wata mata daga cikin masu fasa dutse ta shigo a guje, ƙurar dutse har girarta, tana magana da Mosanci tana haki. Tayar ta buɗe a kan gangaren fita daga ramin, amalanken cike da tsakuwa ta ja kwad ɗin baya, ya kife a kan Sale. Matan ne suka taru suka ɗaga shi da hannuwansu. Ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ta murƙushe. Babanku ne ya fara isa likita, wato asibiti, shi ya kwana yana juya shi, shi ya riƙa ɗaukar masa tasa. Sale kuwa in ya farka ya gan shi sai ya mayar da fuska bango. A barandar likitan nan, a gaban mutane, Inna ta dubi babanku ta faɗi maganar da ta bi shi har kabari.

"Da kai ka ɗinka, da ba ta fashe ba."

Babanku ya juya ya koma wurin Sale. Daga baya, shekaru da yawa, ya taɓa ce mini shi kansa bai sani ba. Ya ce wataƙila ɗinkinsa da ya kai ƙarshen damina, wataƙila da bai kai ba, kuma wannan rashin sanin shi ne abin da ya fi ci masa rai.

Ba a sallamo Sale ba tukuna sai ga sallama a ƙofar gida. Alhaji Idi ne, direban kamiyo mai zuwa Lome, abokin babanku tun suna yara. Ya shigo yana gungura wani abu a naɗe cikin buhu, yana fara'a, don daga hanya yake, bai ji komai ba. Ya yaye buhun, sai ga taya sabuwa fil, baƙa wuluk, irin ta kwad ɗin Sale sak, har da 'yan gashin roban nan da ke jikin sabuwar taya.

"Ina maigidan? Ku ce masa ga saƙonsa. Na sha wuya kafin in samo ta, sai da na zaga tashar jirgin ruwa kamar mahaukaci. Mutumin nan dai yana son ƙaninsa, wa ya taɓa jin mai faci ya sayar da injin iskarsa don tayar wani?"

Na ce, "Ya sayar da me?"

Alhaji Idi ya dube ni, ya dubi Inna da ta fito bakin ƙofa, fara'arsa ta ɗauke. A nan na gane hannun da ya fashe da kafaɗun da nake gasawa. Washegarin ranar da ya ce wa Inna ta gafarce shi, ya sayar da injin, ya damƙa wa Alhaji Idi kuɗin, ya koma hura tayoyin mutane da famfon hannu. Bai faɗa wa Sale ba, bai faɗa wa uwarsa ba, bai faɗa mini ba, ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Na zauna a kan turmi. Da babanku ya dawo daga likita ya tarar da mu zaune mun sa tayar a tsakiya kamar gawa. Inna ce ta yi magana.

"Babba, me ya hana ka faɗa?"

"Ba ta iso ba, Inna. Yaya zan faɗi abin da bai iso ba?"

To a nan ne kuke buƙatar ku san irin gidan da kuka fito. Kakanninku fataken goro ne, kuma a wurinsu babban abin kunya ne mutum ya yi maganar kayan da ke kan hanya. Sai jakuna sun shigo, an sauke, an kwance, sannan a ce ga abin da aka kawo. Hanya tana da ɓarayi, tana da kogi, tana da bakin mutane, kuma wanda ya yi alkawarin kaya suka ƙi zuwa ya zubar da girmansa. Haka aka tarbiyyantar da babanku, ko zane zai saya mini ba na ji sai na gan shi a kan gado. Inna da kanta ta koya masa wannan, shi ya sa da ya ba ta amsa sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ban rufe tawa ba. Na ce masa kalma ɗaya, bawan Allah, kalma ɗaya! Da ka ce Sale, jira, taya na hanya, da yaron nan ya jira, ko da yana ƙunƙuni. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, har maƙwabta suka leƙo. Ya tsaya yana ji har na gaji, sannan ya ɗauki tayar ya kai ta gindin mangwaro ya jingine. Ya ce kada wanda ya kai wa Sale labarin nan, yana fama da ciwo, ba sai an ƙara masa da wani ba.

Labari dai ya kai, don Alhaji Idi ba ya iya riƙe magana. Da aka sallami Sale bai dawo gidan nan ba, ya kama ɗaki a unguwar Tiyendpalogo wurin wani abokinsa. Auren da ake nema ya watse, kwad ɗin an sayar da shi a matsayin ƙarfe. Tayar kuwa ba mai saye, tunda babu wani mai irin abin hawan a kusa. Babanku bai sake haɗa kuɗin injin ba, ku kuna tasowa, ga lakwal, ga maganin Inna, ga abin da yake aika wa Sale a ɓoye ta hannun liman. Masu moto ba sa jiran famfon hannu, suka koma wurin masu inji ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da kekuna. Basillarsa kuwa tun daga ranar bai sake ɗinka taya da ita ba, ko an roƙe shi. Dangi da suka san rabin labari suka riƙe rabin da ya fi daɗin faɗa, shi kuma ya hana ni gyara musu.

Sale bai sake taka gidan nan ba sai ranar da Inna ta rasu. Ya shigo da sandarsa, an shimfiɗa tabarmi ko'ina, maza sun zazzauna ana karɓar gaisuwa. Ya tsaya yana dube-dube, don ƙugunsa ba ya barin shi ya kai ƙasa, kujerun gidan kuma duk an ba tsofaffi. Ina kallo daga ƙofar madafa. Babanku ya tashi, ya je gindin mangwaro, ya gunguro tayar, ya kwantar da ita kusa da inda yake zaune, ya ɗora matashi a kai. Sale ya daɗe yana kallonta. Ya sunkuya ya shafa gefenta, ya kama ɗaya daga cikin 'yan gashin roban nan da yatsa biyu, sannan ya juya a hankali ya zauna. Tsayinta ya yi masa daidai, kamar an auna. Na ce a raina yau za su yi magana. Ina! Babanku ya miƙa masa goro, ya karɓa ya ɓare, suka ci gaba da amsa gaisuwa.

Daga ranar, duk Juma'a in an sauko masallaci Sale yana zuwa ya zauna a kan tayar nan, babanku a tabarma, su sha shayi, su yi hirar tsadar hatsi da ƙwallo da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Kun gan su da idonku, kuna wucewa kuna cewa Baba Sale da kujerarsa. Shekara da shekaru ina kasa kunne daga madafa ko ɗayansu zai taɓo maganar, ko sau ɗaya ba su taɓa ba. Har babanku ya kwanta ciwon ajalinsa, Sale na zaune a gefen gadonsa yana masa fifita, ba su taɓa ba.

Bayan an yi sadakar bakwai mutane sun watse, na fito na tarar da Sale shi kaɗai a kan tayar, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Matarmu, Yaya ya yi gaskiya fa. Ko shi ya ɗinka, da ta buɗe. Na ga yadda zaren ya ci robar, ba laifin mai ɗinki ba ne. Tun ina kwance a likita na san haka."

 Na ce, "Sale, tun kana likita? Mutumin nan ya mutu bai sani ba! Shekara nawa kana zama a nan kana shan shayinsa, me ya hana ka faɗa masa?"

Sai ya fashe da kuka, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Kullum in na taho da niyyar faɗa nake tahowa."

Ban rarrashe shi ba, ni ma kukan nake yi. Har yau in na tuna ina jin haushinsu su biyun, kuma ina kewar ɗayan kamar in yi yaya. Mutanen kirki ne, ba mai mugunta a cikinsu, amma sun bar magana ta tsufa a bakinsu har ta rasa wanda za a faɗa wa. Ni kuma an ce in yi shiru na yi, ga shi sai da kuka yi furfurar fari kafin ku san wane ne ubanku.

Habu, ka zuba simintinka, ban hana ka ba, gidan ya daɗe yana son gyara. Amma ka ce wa magininka ya zagaye gindin mangwaro. Jiya na je na duba tayar, rana ta cinye ta, ta tsattsage, sai dai ta gefen da ke kallon ƙasa har yanzu akwai sauran 'yan gashin nan. Baba Sale zai zo ranar Juma'a kamar kullum, kuma ƙugunsa bai kai tabarma ba har yanzu.